Naman Da Ba A Yanka Ba

Uwargida, ko kin ji labarin naman da ake samu ba tare da an yanka dabba ba? Iri biyu ne. Wani da waken suya ake haɗa shi, watau ɗan'uwan awararmu, sai dai an sa masa launi da ƙamshin nama. Ɗayan kuwa ƙwayoyin jikin kaza ake ɗiba, a rene su cikin tanki har su zama tsoka. Singafo ce ta fara yarda a sayar da wannan a 2020, Amurka ta bi sahu a 2023.

To, rigimar a kan suna take. Makiyaya sun ce kada a rubuta "nama" a kwalin abin da bai taɓa zuwa kiwo ba. Jihar Misuri ta Amurka ta kafa doka haka a 2018. Faransa ma ta gwada, amma kotun Tarayyar Turai ta ƙi goyon bayanta a 2024.

Ni dai ina bayan makiyaya. Mai awara ba ta taɓa ce miki tsire take sayarwa ba, cinikinta kuwa bai ragu ba. In maigida ya dawo daga tafiya da abincin gwangwani, miƙa wa 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki abin da aka haɗa a ciki kafin ki zuba a tukunya.