Harawa: ta rago ce ko ta tunkiya mai ciki?

Da zarar an gama girbi a ƙauyukan Kano da Katsina, akan ga dammunan harawar wake da ta gyaɗa jibge a kan soraye da rassan itatuwa. A gidaje da yawa an riga an san mai cin su: ragon da aka turke don Babbar Sallah. Tunkiya kuwa sai a sake ta gona ta yi ta kalar kara, ko da cikinta ya tsufa.

Wannan rabo bai yi daidai da buƙatar jikinsu ba. Tunkiya tana ɗaukar ciki wajen wata 5, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan da ke cikinta yana faruwa ne a makonni 6 na ƙarshe. A lokacin ne kuma ɗan ke matse mata tumbi, ta kasa cin abinci mai yawa. Dole ɗan abin da za ta ci ya zama mai kyau. Idan ta haihu, shayarwa ta fi cikin ma cin jiki, balle mai tagwaye.

Matsalar ita ce ciyawar rani cika ciki kawai take yi. A tumbin tunkiya akwai ƙananan halittu da ke narkar da ciyawa, kuma suna buƙatar furotin ya kai kimanin kashi 7 cikin 100 na abincin kafin su yi aiki sosai. Gamba da kyasuwa suna wuce haka suna ɗanyu da damina, amma in suka bushe sukan faɗo ƙasa da kashi 4. Harawa mai ganye kuwa ta haura kashi 10. Shi ya sa ɗan dunƙulen harawa da yamma, ko kowar wake, ko 'ya'yan gawo, ke sa tunkiya ta ci moriyar karan da ta wuni tana tauna.

Girman dabba ma abin lura ne. Tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a rana, don haka abin da ya ƙosar da tunkiya irin 'yankasa ba zai ishi manyan iri kamar balami ko uda ba.

Shi kansa ragon, gatan yakan yi masa yawa. Dusa zalla babu isasshiyar ciyawa tana kawo tsamin tumbi, kuma yawan fosfaras da ke cikinta na iya haifar da tsakuwa ta toshe masa fitsari. Da wuya a ji mai kiwo ya zargi dusar. Gyauron dawa kuma, wanda tumakin da aka saki kan faɗa wa bayan girbi, yana iya ɗauke da guba mai kisa cikin ɗan lokaci, musamman sabon toho da fari ya taɓa.