Dogon Yaro da Gyaran Gida Bayan Hadari

A shekarar 1928 aka kawo itacen dogon yaro lardin Barno, inuwarsa kuwa ta rufa wa Maiduguri asiri da bazara. Amma a unguwa mai cunkoso kamar Abbaganaram yana da aibinsa. Saiwarsa takan kutsa ƙarƙashin katanga ta tsaga ta, iskar farkon damina kuma takan karyo rassansa bisa rufin kwano.

Saboda haka wajibi ne maigida ya rage rassan tun watan Mayu. In ruwa ya ɗauke, a kwashe ganye da 'ya'yan da suka zuba, gama su ke toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kama yara. Reshen da ya faɗa kan wayar lantarki kuwa, kada kowa ya taɓa shi, sai a kira ma'aikatan wuta.