Noman riɗi a Kanya: Lissafin kwanakin damina kafin zaɓen iri

A Kanya da sauran garuruwan ƙasar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, riɗi na cikin amfanin gonar da ke sa wa manomi kuɗi a aljihu da kaka, domin akasarin riɗin Najeriya waje ake kai shi, zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Sai dai riba ko asara na farawa ne tun ranar da aka zaɓi iri.

Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja ce ke da alhakin inganta riɗi, kuma harafin ƙarshe na sunan kowane irin da ta fitar yana nuna tsawon kwanakinsa. NCRIBEN-01M da NCRIBEN-02M matsakaita ne, suna nuna cikin kwana 102 zuwa 115. NCRIBEN-03L mai jinkiri ne, yana kai kwana 125 zuwa 140. Masu harafin E, kamar NCRIBEN-04E, su ne masu saurin nuna.

Daminar ƙasar Zuru ta fi ta Argungu da arewacin jihar tsawo, don haka wanda ya shuka a watan Yuli matsakaicin iri zai yi masa. Wanda aikin dawa da masara ya riƙe har cikin Agusta kuwa, mai saurin nuna ne mafita, domin idan ruwa ya ɗauke wa mai jinkiri, ƙwayar ba za ta cika ba. Haka kuma idan aka shuka mai sauri da wuri, zai nuna cikin ruwa, ƙwayar ta yi duhu, farashi ya faɗi, tunda masu fitarwa waje fari tas suka fi nema.

Kowane iri ne, riɗi ba ya jure kwanciyar ruwa. Jigawa yake so, ba fadama ba.

Babban tarko shi ne irin da ake aunowa a kasuwa, wanda galibi gauraye ne. Wani ya nuna, wani na ɗanye. Kafin a jira na baya, kwanson na farko ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa.

Shi ya sa ya fi dacewa manomi ya nemi iri mai shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, ya tuntuɓi malaman gona, sannan ya gwada sabon iri a gefen gona kafin ya ba shi gonar gaba ɗaya.