Wace bindiga ce ta dace da maharbin Ɗanbatta?

Da zarar an kwashe gero da dawa daga gonakin Ɗanbatta, hunturu ya fara busawa, sai zancen farauta ya mamaye majalisu. Samari na shirin gayya da karnuka da gorori, maharba kuma na fito da bindigoginsu suna shafa musu mai. A nan ne gardama kan tashi a kan wace bindiga ce ta fi, kuma kusan kullum ma'aunin ɗaya ne: wadda ta fi ƙara, ta fi cin nisa, ta fi ɗaukar harsashi. Ina ganin wannan ma'auni bai dace da ƙasarmu ba. A wuri irin namu, bindigar kirki ita ce wadda mai ita ya san inda harsashinta zai faɗi in ya kuskure abin da ya auna, kuma wadda zai iya koyon hannu da ita ba tare da ya zubar da jinin komai ba.

Dalili na farko ƙasar ce kanta. Ɗanbatta ba dajin Falgore ba ce. Ko ta hanyar Kazaure mutum ya bi, ko ta Makoɗa, gona na manne da gona, da wuya ya yi tafiya mai nisa bai ga rufin gida ko rumbu ba. Manyan namun daji sun daɗe da barin yankin. Abin da ya rage shi ne zomo, fakara, kurciya, hasbiya, gafiya, sai tsuntsayen ruwa a gefen madatsar Thomas. Bayan kowane shinge kuwa akwai yiwuwar yaro na kiwon awaki, ko mace na tsintar kara, ko mai noman rani ya sunkuya yana ban ruwa.

A nan ilimin yadda harsashi ke tafiya yake da amfani. Bindigar da ke harba dunƙulallen harsashi guda, ko da ƙaramar nan ce da ake kira .22, tana iya kai shi fiye da kilomita ɗaya da rabi. Mai watsa ƙwayoyin dalma daban take. Kwanso ɗaya mai gram 28 na ƙananan ƙwayoyi, masu kaurin milimita 2.4, yana ɗauke da kusan guda 350. Suna fita a dunƙule, su baje yayin da suke nisa, su kashe tsuntsu ko zomo a tazarar mita 35 zuwa 40, sannan iska ta karya ƙarfinsu su zube a wajen mita 200. Amma wannan sauƙin na ƙananan ƙwayoyi ne kawai. In aka ɗura wa bindigar nan manyan ƙwayoyi masu kaurin milimita 8, waɗanda tara kan cika kwanso, za su wuce mita 500 kafin su faɗi, wato za su tsallake gonaki da dama su shiga cikin gari. Saboda haka zaɓen harsashi rabin zaɓen bindiga ne, kuma wanda ke neman fakara a bayan gari ba shi da hujjar riƙe manyan ƙwayoyi a aljihu.

Idan aka ɗora waɗannan a kan sikeli, wadda ta fi dacewa ita ce mai baki biyu da ake karyawa a tsakiya a zura kwanso, mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai kimanin milimita 18.5. Tsawon baki daga santimita 70 zuwa 76, nauyi kuma kilo uku ko ɗan sama da haka: mai nauyi sosai takan gajiyar da mai yawo a gona, maras nauyi kuma takan doki kafaɗa. Amfanin baki biyu shi ne kowanne ana iya matse ƙarshensa daban. Bakin da ba a matse ba yakan zuba kamar kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyinsa a da'ira mai faɗin santimita 76 daga tazarar mita 36, wanda aka matse sosai kuma ya zuba kashi 70. Ke nan maharbi yana da baki ɗaya na zomon da ya zabura daga gindin ƙafarsa, da ɗaya na kurciyar da ta riga ta yi nisa. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a wannan bindiga ba a harbi yake ba. In aka karya ta aka rataya a hannu, duk wanda ke nesa yana gani da idonsa cewa ba za ta tashi ba. A farautar gayya, inda mutane ke gudu, karnuka ke shiga tsakanin ƙafafu, a wasu lokutan har a yi rigima kan wanda ya fara kama zomo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai adaka zai ce wannan zancen masu kuɗi ne, shi da bindigar maƙera ya gaji ubansa, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Maganarsa tana da nauyi: bindigar kamfani ta fi ƙarfin aljihun manomi da yawa, kuma adaka ma ba ta cin nisa sosai. Matsalarta ita ce ba a iya sanin halinta. Albarushi da tafin hannu ake auna shi, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Abin da ake ɗurawa wani lokaci dalma ne, wani lokaci guntayen ƙarfe masu kama hanyar da suka ga dama. Bututun kuma ba wanda ya gwada iya matsin da zai ɗauka, alhali a Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bakin bindiga a Birmingham, kuma doka ta hana sayar da wadda ba ta da hatimin gwaji. Sannan in an ɗura adaka, mafi yawan mutane ba sa kwance ɗurin, haka za a jingine ta a ɗaki inda yara ke shiga. Ba cewa nake a raba maharbi da gadonsa ba. Amma wanda zai sa kuɗi ya sayi sabuwa, ko 'yan ƙungiyar da za su haɗa hannu su sayi guda, ya kamata su san abin da suke saya da ƙarin kuɗin: tabbacin cewa harbin yau da na gobe iri ɗaya ne.

Wannan tabbacin ne ke sa koyo ya yiwu, kuma nan ne harbin faifan yumɓu ya shigo. Asalinsa Turawa tantabaru masu rai suke saki su harba don gasa, har a wasannin da aka yi a Faris a 1900. A 1880 wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky ya ƙirƙiro ɗan faifan da ake cillawa sama a madadin tsuntsu, Ingila kuma ta hana gasar harbin tsuntsayen da aka kama a 1921. Yau faifan gasa faɗinsa santimita 11 ne, kuma wasan ya wuce Turai: Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare da shi a gasar Olamfik ta 2004. Abin da faifan ke koyarwa shi ne abin da ya fi wa sabon maharbi wuya, wato harba gaban abin da ke tashi, ba kansa ba, da riƙe yatsa daga kunama har sai an ga sarari a bayansa. Masu cewa wannan ɓarnar harsashi ce su tuna cewa a yanzu ma ana yin koyon, sai dai a jikin dabba ake yi, a tsakiyar gonakin mutane, kuma kowace kurciya da ta tsere da karyayyen fiffike harsashi ne da ya tafi a banza. Fili mai zurfin mita 300 wanda ba kowa a cikinsa, da majefi na hannu, da dattijon maharbi mai sa ido, sun isa a fara. Sai a nisanta filin daga ruwa da gona, domin dalma guba ce. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara fiye da 400.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta tsaro. Wani zai ce a wannan zamani gara bindigar da za ta yi farauta ta kuma tsare gida, mai cin harsashi da yawa. Wani kuma zai ce koya wa samari saiti wasa da wuta ne. Na farko doka ta riga ta ba shi amsa. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin bindiga mai watsa ƙwayoyi a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ware masu sarrafa kansu cikin haramtattu, ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta kan tashin hankali a shekaru biyar da suka wuce. A 2023 ma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi. Don haka tafiyar mai son bindiga daga ofishin 'yan sanda take farawa. Na biyu kuwa ya duba ya gani: bindigogin suna nan a hannun mutane, abin da babu shi ne rajista da horo. Kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa gida Sallah, alhakinsa na kan waɗanda suka aikata shi. Amma ya nuna irin hatsarin da maharbi ke ciki matuƙar hukuma ba ta tsaya masa a matsayin mai sana'ar da aka sani ba.

Kirana ga shugabannin maharban Ɗanbatta, da hakimi da dagatai, da ƙaramar hukuma, da rundunar 'yan sandan Kano shi ne su zauna kafin kakar bana ta wuce. A rubuta sunan kowane maharbi da irin bindigarsa, a ware fili guda a bayan gari na koyon hannu ƙarƙashin idon hukuma, a kuma yarda cewa ba wanda zai shiga gonakin jama'a da manyan ƙwayoyi.