Fiɗar ƙashin baya: abin da ke jiran majinyacin Gaya a wata na farko

Daga Gaya zuwa Doso kilomita wajen 150 ne, daga Doso zuwa Yamai kuma wasu 140. Ga mai lafiya wannan tafiya ba ta cika yini ba. Amma ga wanda ciwon daji ya kai ga ƙashin bayansa, har ƙafafunsa suka fara nauyi, kwanakin da ya ɓata kafin ya hau wannan hanya su ne ke yanke rabin hukuncin abin da zai same shi bayan an yi masa fiɗa.

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, bai cika farawa a ƙashin baya ba. Yakan soma ne a nono, ko a huhu, ko a ƙoda, ko a wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wadda likitoci ke kira furostat, sa'an nan ya bi jini ya sauka a ƙashi, mafi yawa a tsakiyar baya daidai haƙarƙari. Idan ya ci ƙashin, sai ya danne laka, wato jijiyar nan da ke kai umurnin ƙwaƙwalwa ga ƙafafu da mafitsara. Alamar farko ita ce ciwon baya mai tsananta da dare, wanda hutu ba ya sauƙaƙa shi. Manomin shinkafa na fadamar Gaya, ko masunci, ko ɗan dako, ya saba da ciwon baya tun ƙuruciya, don haka sai ya ɗora laifin ga aiki, ya je a yi masa ƙaho, ya sayi ƙwaya a tebur. Akwai kuma tarin fuka na ƙashin baya, mai kama da wannan ciwo ƙwarai, wanda shi magani yana warkar da shi; hoto da gwajin tsoka ne kaɗai ke raba su.

Fiɗar da ake yi ba ta cire dajin daga jiki. Likita yana buɗa wa laka hanya ne, ya kuma ɗaure ƙashin da ƙarafa don ya ɗauki nauyin mutum. Amfaninta tabbatacce ne: a shekarar 1990 da 'yan kai likita Roy Patchell da abokan aikinsa suka soma gwaji a Amurka, suka bayyana sakamakonsa a 2005 a kan majinyata 101. Cikin waɗanda aka yi wa fiɗa sa'an nan aka gasa wurin da na'ura, kashi 84 bisa ɗari sun iya tafiya da ƙafafunsu. Cikin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, kashi 57. Sai dai a lura, ba su sa wanda ƙafafunsa suka mutu fiye da awa 48 cikin gwajin ba. Awa 48 kuwa, ga iyalin da ke Tanda ko Bengu, wani lokaci ko shawarar sayar da tumaki ba a gama ba.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne kwana 30 na farko. A cikinsu ne miki ke yin mugunya ko ɗinki ya buɗe, ciwon huhu ya kama mai kwance, jini ya daskare a jijiyar ƙafa har gudansa ya tafi ya toshe huhu, ƙwayoyin cuta su shiga ta robar fitsari, ko gyambon kwanciya ya fito a ƙugu. Waɗannan ba su faɗa wa kowa daidai wa daida.

Wanda ya shiga asibiti da ƙafarsa ya fi kowa tsira daga gare su, domin cikin 'yan kwanaki za a tashe shi zaune, ya tofar da majina, jininsa ya gudana. Wanda aka kawo a kan tabarma, ba ya riƙe fitsari, sau da yawa da gyambonsa ya iso, kuma aikin gaggawa za a yi masa ba tare da an sami sararin gyara jikinsa ba.

Rama ma babbar abokiyar gaba ce, ko da yake ita aka fi rainawa. Daji yana cinye nama, yana kashe sha'awar abinci, mai jinya kuwa don tausayi sai ya tsaya ga kunu da ruwan shayi. Likita yakan auna wani sinadari na jini mai suna albumin. Idan ya yi ƙasa da giram 35 a lita, an san fatar ba za ta haɗe da wuri ba. A nan Gaya ta fi garuruwa da yawa sa'a, tun da kifin kogin Kwara da wake da gyaɗa da ƙwai ba su yanke mata. Abin mamaki ne a ce majinyaci ya fito daga bakin kogi, amma jikinsa ya rasa abin da zai ɗinke miki da shi. Ƙarancin jini shi ma haka: fiɗar baya tana zubar da jini, musamman idan dajin daga ƙoda ya taso, saboda haka dangin da ke rakiya su tafi da shirin ba da nasu.

Sai ciwon suga da taba, waɗanda duka suna hana miki warkewa. Da su da ƙwayar nan ta ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wadda a cikinta akan sami deksametazon. Likita da kansa yana ba da wannan magani na ɗan lokaci don rage kumburin laka, amma wanda ya daɗe yana shan sa a ɓoye garkuwar jikinsa ta raunana, sugansa ya hau. Ɓoye shi ga likita haɗari ne, yanke shi farat ɗaya kuma wani haɗarin ne.

Tun da aka buɗe sashen gashi na Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta ƙasa a Yamai a 2021, tare da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wata tambaya ta taso wadda da ba ta dami kowa ba: wanne za a fara? Fatar da aka riga aka gasa ba ta son wuƙa. Wani bincike na Amurka na 2001 ya sami babbar matsalar miki ga kashi 32 bisa ɗari na waɗanda aka gasa kafin fiɗa, alhali kashi 12 ne ga waɗanda aka fara yi wa fiɗar. Don haka idan ƙashi ya rushe ko laka ta dannu, akan gabatar da fiɗa, a jira miki ya kama, sa'an nan a yi gashi. Mutanen iyaka kuwa, masu bi ta Kamba su nemi magani a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sa'an nan su dawo Yamai, wajibi ne su riƙe takardunsu duka, don likita na biyu ya san abin da na farko ya yi.

Ba kowa ne fiɗa ke amfana ba. Idan dajin ya cika hanta da huhu, ko ya kama ƙasusuwan baya da yawa, ko ana ganin ran majinyaci ba zai wuce wata 3 ba, wahalar aikin takan fi ribarsa, sai a koma ga gashi da maganin zafi. Likitan da ya faɗi haka bai yi rowar aiki ba. Tsufa shi ma ana lissafa shi, amma tsoho mai tafiya da ƙafarsa ya fi matashi ramamme da ke kwance dama.

Bayan sallama, sauran kwanakin haɗari a gida ake yin su, nesa da wanda ya yi fiɗar. Wankin miki da cire zare a asibitin gundumar Gaya za a yi su, mai kwance kuma ana juya shi kowace awa 2. Zazzaɓi, ruwa mai fita daga ɗinki, kumburin ƙafa guda, numfashi sama-sama, ko ƙafar da ta soma motsi ta sake mutuwa, kowanne daga cikinsu na bukatar a kai shi likita a ranar, ko da ranar kasuwa ce.