Ɗaukakar Allah Da Ƙurar Zinariya: Darasi Daga Bagega

'Yan'uwa manoma, kowace Lahadi muna ɗaukaka sunan Allah da waƙa da addu'a. Amma ina ne ake ganin ɗaukakar nan tasa? Waɗansu suna tsammani sai a sama, ko cikin majami'a. Littafi Mai Tsarki kuwa yana nuna mana ita a gona, da jeji, da wurin kiwo. Bari mu bi sawunta, kana mu dubi abin da ya faru a Bagega.

Daga Farawa Zuwa Ru'ya

A Farawa 1 da 2 Allah ya yi mutum ya zama kamanninsa a duniya, ya kuma danƙa masa gona domin ya nome ta, ya tsare ta. A Fitowa 16 Isra'ilawa suna kukan yunwa sa'ad da ɗaukakar Ubangiji ta bayyana cikin girgije, da gari ya waye suka tsinci abinci. A Fitowa 33 Musa ya roƙa a nuna masa ɗaukakar Allah. Abin da aka nuna masa alheri ne da jinƙai. A sura ta 32 kuwa jama'a sun tara 'yan kunnensu na zinariya, aka ƙera musu ɗan maraƙi, suka sha wuya a kansa.

Sulemanu ya lulluɓe cikin Haikali da zinariya, duk da haka Ezekiyel ya ga ɗaukakar ta tashi ta bar wurin, gama gumaka da zalunci sun cika birnin. A Luka 2 makiyaya ne ta haskaka da dare. Yohanna ya shaida mana cewa a jikin Yesu aka gan ta sosai, shi wanda ya rungumi yara, ya warkar da marasa lafiya, ya ba da ransa. A Ru'ya ta Yohanna 21 kuma, zinariya ta koma abin takawa a titi, ɗaukakar Allah ita ce hasken birnin.

Ashe zinariya ba ta kawo ɗaukakar Allah, ba ta kuwa iya riƙe ta. Inda ake ceton rai, nan ake ganinta.

Abin Da Ya Faru A Bagega

Bagega gari ne na manoma a ƙasar Anka. Da kuɗin zinariya ya tashi, mutane da yawa suka shiga haƙa. Dutsen wurin kuwa yana haɗe da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo shi gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida. Ƙura ta bi ɗakuna da tukwane. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa, ya kai baki.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Waɗansu da suka rayu, gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar. Dole sai an kankare ƙasar bisa, a binne ta cikin rami, a zuba sabuwa. An share ƙauyuka 7 tun da fari, amma Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin ya fito. A 2015 kuma irin wannan ta faru a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Ba a ce an gama da maganar ba ke nan.

Me Ƙungiyarmu Za Ta Yi?

Ba mu zargin kowa. Talauci ne ke kai mutum rami. Ayuba 28 ma ya yaba ƙwazon mai haƙa, amma ya ce hikima ba ta cikin ramin, tana wurin tsoron Ubangiji. Ga hikimar da muke roƙo kowace ƙungiyar gama kai ta riƙe:

1. Kada a kawo dutsen zinariya cikin gida ko kaɗan.
2. Turmi da injin da suka taɓa dutse kada su ƙara taɓa hatsi. Haka ma buhu.
3. A jiƙa dutse da ruwa in za a niƙa, domin ƙura ta kwanta.
4. Mai aiki ya yi wanka, ya sake tufafi, kafin ya ɗauki ɗansa.
5. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin aiki.
6. Kada a shanya gero ko dawa inda aka shanya dutse, kada a yi tubali da ƙasar wurin.
7. In yaro yana amai, da ciwon ciki, da kasala, ko jijjiga, a kai shi asibiti, a faɗi cewa ana aikin zinariya kusa.

Dalma ba ta tambayar addinin yaro. Yawancin mutanen ƙasar nan Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Saboda haka mu kai maganar nan ga mai unguwa da liman, cikin ladabi. Rigakafi ya fi magani.

A taronku na wannan wata ku karanta Zabura 8, ku tambayi juna: wane inji ne ke niƙa mana hatsi, me kuma yake niƙawa ban da hatsi? Kowane yaron da muka tsare kamannin Allah ne muka tsare. Ubangiji ya ba mu ikon yi. Amin.