Harsashin da ke Cin Kilomita Guda: Amsa ga Mai Tambaya daga Bacirawa

Takardar da muka buɗe a wannan mako ta fito ne daga Bacirawa, daga wani dattijo manomi wanda ya ce yakan kai hatsi kasuwar Dawanau, da rani kuma yakan taɓa farauta. Bayan gaisuwa ga ma'aikatanmu, ya ce ɗansa ya nuna masa hoto mai motsi a wayar hannu, inda wani Bature ya kwanta rub-da-ciki ya harbi farantin ƙarfe daga nisan yadi 1,000 ya same shi. Yana tambaya, shin gaskiya ne ko haɗin hoto ne? In kuma gaskiya ne, zai iya samun irin wannan harsashi ya farke shi, ya zuba albarushinsa a bindigarsa ta toka don ta ƙara nisa?

To, Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta farko amsarta i, gaskiya ne. Ta biyu kuwa amsarta a'a, kada ka kuskura. Bari mu bi su daki-daki.

Yadi 1,000 ya ɗan haura mita 900, wato kamar a jera filin ƙwallo tara. Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harbi-ka-ruga, in abin hari ya wuce taku hamsin zuwa sittin sai dai a yi sa'a. Ba laifin maƙeri ba ne, yadda aka tsara ta ke nan. Cikin bututunta sumul yake, kuma abin da ake ɗura mata, ko dunƙulen dalma ko gutsattsarin ƙarfe, ba ya cika ramin daidai. Da ya fito sai ya yi ta tangaɗi a iska, ya nufi inda ya ga dama.

Bindigar zamani kuwa, in ka leƙa cikin bututunta za ka ga an yi masa zane mai zurfi wanda ya murɗe kamar igiya tun daga gindi har baki. Wannan zane shi ke kama harsashi ya juya shi, har ya fito yana juyi sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san abin da nake nufi. Muddin mazari yana juyawa, tsaye yake cak, ba ya karkata; da juyin ya mutu sai ya faɗi. Haka katantanwar da yara ke murzawa. Juyin nan shi ke sa tsinin harsashi ya tsaya a gaba har ƙarshen tafiyarsa.

Sai batun albarushi, wanda shi ne tsakiyar tambayarka. Baƙin albarushin da muka gada daga iyaye da kakanni, mai hayaƙi da warin farar wuta, ƙarfinsa yana da iyaka. A shekarar 1884 wani masani ɗan Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da wani sabon albarushi wanda ba ya hayaƙi sosai, ƙarfinsa kuma ya ninka na tsohon wajen sau uku. Cikin 'yan shekaru sojojin Turai duk suka koma kansa. Mutanen Kano sun ga bambancin da idonsu a watan Fabrairu na 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso da rundunar da ba ta taka kara ta karya ba wajen yawa, amma tana ɗauke da bindigogin zamani da igwa da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim.

Ɗaya daga cikin harsasan da 'yan gasar harbin nesa suka yi yayi shi ne wanda ake kira 6.5 Creedmoor. Wani kamfani mai suna Hornady da ke jihar Nebraska ta Amurka ya fito da shi a 2007. Lambar 6.5 faɗin ramin bindigar ne a ma'aunin milimita, wato siririn abu ne, bai kai kaurin fensir ba. Shi kuwa sunan Creedmoor asalinsa wani filin gasar harbi ne kusa da birnin Niyok, inda a 1874 'yan Amurka suka kara da 'yan Ailan a nisan yadi 800 da 900 da 1,000. Ka ga ke nan harbin nesa ba yau aka fara shi ba. Abin da sabon harsashin ya kawo shi ne sauƙi: ba ya dukan kafaɗa da ƙarfi, don haka mai harbi ba ya zabura ya ɓata saiti.

Kan harsashin, wato abin da ke fita ya tafi, nauyinsa kimanin giram 9 ne, bai kai ƙwaya biyu ta sukarin kwali ba. Dogo ne, mai tsini, an lulluɓe dalmarsa da jan ƙarfe, gindinsa kuma an ɗan tsuke shi. Me ya sa? 'Yan kasuwa masu hawan babbar mota sun sani: in ka miƙa tafin hannunka waje mota tana gudu, iska za ta tura shi baya, in ka juya shi ta gefe kuwa sai ya yanka iskar salin-alin. Dunƙulen dalma tafin hannu ne a buɗe, dogon harsashi kuwa gefen hannu ne. Yana barin bakin bindiga da gudun mita 800 da ɗoriya a daƙiƙa guda, ya ninka gudun sauti fiye da sau biyu. Shi ya sa dabba kan faɗi kafin ƙarar ta iso wurinta.

Amma kada hoton waya ya ruɗe ka, ka ɗauka miƙewa yake yi kamar zare. Tun daga lokacin da ya fito ƙasa take jansa. Kafin ya kai yadi 1,000 yakan yi daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya, ya kuma sauka ƙasa da wajen mita 8, tsayin da ya fi na gidan bene mai hawa ɗaya. Iska matsakaiciya ma, wadda ba ta kai ta hunturu ba, tana iya kautar da shi fiye da mita guda. Don haka mutumin da ka gani yana da tabarau mai jawo nesa kusa, da na'urar auna nisa, da ta auna iska, ya kuma yi lissafi kafin ya taɓa kunama. Waɗanda ya harba suka kuskure kuwa, ba kowa ke sa su a hoto ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Lokacin da irin wannan harsashi ya tashi, matsin da ke cikin bindiga ya kusa ninka iskar tayar ƙaramar mota sau dubu biyu. Saboda haka ake ƙera bututun da ƙarfe na musamman, a gwada shi a masana'anta kafin a sayar. Bindigar toka kuwa sau da yawa da bututun famfo ko sandar sitiyarin tsohuwar mota ake yin ta. Baƙin albarushi take iya ɗauka, shi ma da awo. In ka zuba mata na zamani, ko da rabin abin da ka saba ne, ba nisa za ta ƙara ba, fashewa za ta yi, kuma daidai wurin da fuskarka da hannunka na hagu suke. Ana rasa yatsu, ana rasa ido, ana rasa rai ta wannan hanya. Farke harsashin ma da wuƙa ko guduma haɗari ne, domin a gindinsa akwai 'yar hula mai kama wuta da an buge ta.

A ganina ma, ko kyauta aka ba ka bindigar da harsashinta, ba ta da wurin zama a ƙasarmu ta arewacin Kano. Turawan da ke farauta da ita barewa da manyan namun daji suke bi a filayen da mutum zai yini bai ga gida ba. Mu kuwa gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye, ga mata masu itace, ga yara masu kiwo, ga Fulani da shanu a sauruka. Abin da ya rage mana na farauta zomo ne da fakara da kurege da gafiya, waɗanda kare da gora ma sun ishe su. Harsashin da ya kuskure abin hari kuwa ba tsayawa yake yi ba. In bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama, yana iya wuce kilomita 3 ya sauka da sauran ƙarfin kisa, ya ratsa danga ko rufin kwano. Wannan ya shafi masu harba bindigar soja sama a wurin biki. 'Yan bindigar Sarki da kuke gani a hawan Sallah albarushi zalla suke ɗurawa, don ƙara da hayaƙi kawai.

Ta fuskar hukuma, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su bindigogin soja da ƙaramar bindiga ta hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da su kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Akwai na farauta da na gasa, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri ta baki irin taka, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashi shi ma sai da lasisi, ko ƙwaya ɗaya ce. Don haka in wani ya tare ka a bayan rumfa ya ce yana da shi da araha, ka wuce abinka. In yaro ya tsinto shi a gona, kada a jefa shi a wuta, kada a buga shi. A sanar da mai unguwa ko dagaci a miƙa wa 'yan sanda.

Sauran tambayarka game da maganin ɓeraye a rumbu, Malam, za mu haɗa ta da wasu takardu biyu masu irin wannan ƙorafi mu amsa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.